Gani Ya Kori Ji? Tarken Fim ɗin Tallan Dove Mai Suna Evolution

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana ya ginu ne a kan amanar da ɗan Adam ya bai wa idonsa. Tun da aka ƙirƙiro kyamara a ƙarni na 19, hoto ya gaji wannan amana, har ya zama shaida a kotu da kuma shafukan jarida. Sai dai hotunan mata da ake bugawa a bangon mujallu da allunan talla sun daɗe da cin wannan amana, domin akasarinsu sai an yi musu kwaskwarima kafin su isa ga mai kallo.

Wannan maƙala za ta feɗe wani gajeren fim na talla mai suna Evolution, wanda aka yi wa kayan shafe-shafe na Dove a shekarar 2006, wanda kuma yake cikin fitattun ayyukan da suka tona asirin gyaran hoto ga jama'a. Za a dubi tarihin samuwarsa da zubinsa da salonsa, sannan a auna jigonsa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, fim ɗin ya yi nasarar fallasa na'urar da ake gyara hoto da ita, amma ya kau da kai daga ma'aunin kyau da na'urar ke yi wa hidima, da kuma masu cin ribar wannan ma'auni.

2.0 Tarihin Samuwar Fim

Dove suna ne na sabulu da mayukan shafawa mallakar kamfanin Unilever. A shekarar 2004 kamfanin ya ƙaddamar da wani gangami na talla wanda ya ce manufarsa ita ce ɗaukaka kyau na haƙiƙa. An kafa gangamin ne a kan wani binciken jin ra'ayi da kamfanin ya ɗauki nauyinsa, inda aka tambayi mata 3,200 a ƙasashe 10, aka sami kashi 2 cikin 100 kacal da suka zaɓi kalmar "kyakkyawa" wajen siffanta kansu.

A cikin wannan gangami ne reshen kamfanin talla na Ogilvy & Mather da ke Toronto ta ƙasar Kanada ya shirya Evolution, ƙarƙashin jagorancin Yael Staav da Tim Piper. An saka shi a dandalin YouTube a watan Oktoba na 2006, ya kuma bazu ta hanyar tura wa juna da masu kallo suka riƙa yi. A 2007 ya ci manyan kyaututtuka biyu a bikin masu talla na birnin Cannes da ke Faransa. Sunan nasa na nufin rikiɗa sannu a hankali daga wata kama zuwa wata.

3.0 Zubi da Tsari

Tsawon fim ɗin daƙiƙa 75 ne, kuma ana iya kasa shi gida huɗu. A kashi na farko, wata matashiya ta shigo ɗakin ɗaukar hoto ta zauna, aka kunna mata fitilu masu ƙarfi waɗanda suka fito da duk wani tabo na fuskarta. A kashi na biyu, masu kwalliya da masu gyaran gashi suka yi mata caa, aka kuma gaggauta tafiyar fim ɗin yadda dogon aiki ya wuce cikin 'yan daƙiƙu, daga nan aka ɗauke ta hotuna. A kashi na uku, aka zaɓi hoto ɗaya aka ɗora a kwamfuta, aka ƙara wa wuyanta tsawo, aka gyara kafaɗunta, aka ƙara wa idanunta girma. A kashi na ƙarshe, kyamara ta ja da baya, sai ga hoton a kan wani ƙaton allon talla na bakin titi yana tallata wata hodar fuska ta wani kamfani na ƙage. Fim ɗin ya rufe da rubutu mai nuna cewa ba abin mamaki ba ne idan fahimtar mutane game da kyau ta gurɓata, tare da gayyata zuwa tarurrukan bita da Dove ke shirya wa 'yan mata.

4.0 Salo da Ƙarfinsa

Babbar dabarar masu fim ɗin ita ce kafe kyamara a kan fuska guda tun daga farko har kusan ƙarshe. Da yake idon mai kallo bai bar fuskar ba, shi da kansa ne yake zama shaida a kan kowane sauyi. Dabara ta biyu ita ce rashin mai sharhi. Ba a yi wa kowa wa'azi ba, tauraruwar ma ba ta furta kalma ko ɗaya ba, kuma shirun nata ya ƙara fito da matsayinta na kayan aiki a hannun wasu. Watau an yi amfani da gani wajen rushe amanar gani, kuma wannan hikima ce da ta cancanci yabo.

Har ila yau, fim ɗin ya yi wa jama'a aikin ilimantarwa. Gyaran hoto ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarun 1930, hotunan da George Hurrell ya ɗauki taurarin Hollywood irin su Joan Crawford, da fensir aka riƙa shafe ɗige-ɗigen fuskokinsu. Fitowar manhajar Photoshop a 1990 ta sauƙaƙa aikin ta kuma arahanta shi. Duk da haka, sana'ar ta ci gaba da zama sirrin masu ita, sai ga shi Evolution ya baje ta a faifai cikin ƙasa da minti biyu.

5.0 Inda Gizo Ke Saƙa

5.1 Zaɓen Tauraruwa

Abin lura na farko shi ne wadda aka zaɓa ta zauna gaban kyamara: matashiya ce, Baturiya, maras ƙiba. Tun kafin a taɓa fuskarta ta riga ta cika manyan sharuɗɗan da masu talla ke nema. Tazarar da fim ɗin ya nuna tsakanin fuskar farko da ta ƙarshe gajera ce idan aka kwatanta da tazarar da ke tsakanin allon talla da dattijuwa, ko mai jiki, ko baƙar mace. Tantancewar da ta fi kowace muni ana yin ta ne a bakin ƙofa, lokacin da ake yanke wadda za ta shigo da wadda za a sallama, kuma fim ɗin ya fara ne bayan an gama ta.

5.2 Hannaye Marasa Fuska

Abu na biyu, babu wanda fim ɗin ya ɗora wa alhaki. Masu kwalliyar suna giftawa kamar walƙiya, mai gyaran hoton kuwa ba a ganin kome nasa sai alamun aikinsa a fuskar kwamfuta, kamfanin da ke kan allon tallan kuma na ƙage ne. Saboda haka mai kallo zai tashi da zaton cewa na'ura ce mai laifi. Alhali kuwa na'ura ba ta san dogon wuya ya fi gajere daraja ba. Mutum ne ya yanke wannan hukunci, wani mutum kuma ya biya kuɗin aikin domin ya san zai sayar da kaya. Tambayar wane ne ya tsara ma'aunin, ba ta taso ba ko sau ɗaya.

5.3 Mai Dokar Barci

Abu na uku shi ne matsayin mai fim ɗin. A lokacin da Dove ke kiran mata su yarda da halittarsu, kamfanin Unilever yana sayar da man hasken fata mai suna Fair & Lovely, wanda ya fito da shi a Indiya tun 1975, bai kuma sauya masa suna zuwa Glow & Lovely ba sai a 2020. Kazalika shi ne mai turaren Axe, wanda tallace-tallacensa na wancan zamani suka sha suka saboda mayar da jikin mace abin jan hankalin mai saye. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan.

A watan Oktoba na 2017, Dove ta nemi gafara a kan wani ɗan gajeren talla da ta saka a Facebook, inda baƙar mace ta tuɓe riga sai ga farar mace ta bayyana a madadinta. Matar farko, Lola Ogunyemi, 'yar asalin Nijeriya, ta rubuta a jaridar The Guardian cewa cikakken tallan ya fi wannan guntu bayyana manufar masu shi. Ko da an karɓi wannan hanzari, abin da ya faru ya nuna cewa batun launin fata, wanda Evolution ya tsallake, shi ne ya dawo ya yi wa gangamin tarnaƙi. Wannan batu ya shafi mai kallo na Nijeriya kai tsaye, domin a wannan shekarar ce wani tallan Nivea, na wani kamfani dabam, da ke alƙawarin ƙara hasken fata, ya jawo ce-ce-ku-ce a Nijeriya da Gana.

6.0 Dokokin da Suka Bi Sawu

Tunanin da ke ƙarƙashin fim ɗin shi ne, idan mai kallo ya san an gyara hoto, to hoton ba zai cutar da shi ba. A kan irin wannan tunani wasu ƙasashe suka kafa doka. Isra'ila ta zartar da tata a 2012. A Faransa, daga 1 ga Oktoba, 2017, wajibi ne a rubuta sanarwa a jikin duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara wa kaurin jikin mai talla, wanda ya saɓa kuma zai iya biyan tarar Yuro 37,500. Abin lura shi ne, wannan doka ta tsaya ne ga siffar jiki. Dokar ƙasar Norwe da ta fara aiki a 2022 ta faɗaɗa abin har ya haɗa da gyaran fata.

To amma ko sani yana maganin ciwon? Binciken da Marika Tiggemann ta Jami'ar Flinders da ke Ostireliya ta gudanar tare da abokan aikinta ya nuna cewa irin wannan sanarwa ba ta rage rashin gamsuwar mata da jikinsu bayan kallon hotunan. A wasu gwaje-gwajen ma, sanarwar da ta ambaci gaɓar da aka gyara ta ƙara jan ido ne zuwa ga wannan gaɓa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dalilin a fili yake: mace na iya sanin cewa hoto ƙarya ne, ta kuma ci gaba da auna kanta da shi, muddin shi ne abin da al'umma ke yabawa, masu ɗaukar aiki da masu neman aure ke fifitawa.

Masu Dove da kansu sun gane cewa zamani ya sauya. A 2021 sun fito da wani fim mai suna Reverse Selfie, inda yarinya ce da kanta take gyara hotonta a wayar hannu kafin ta saka shi a intanet. Aikin da a 2006 sai da ƙungiyar ƙwararru, ya koma aikin ɗan yatsa guda. Wannan hujja ce babba a kan cewa tona asirin na'ura bai kashe kasuwar ma'aunin ba. Waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake gyara hoto, su ne suke yi wa nasu hotunan.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa Evolution aiki ne mai ƙarfi ta fuskar zubi da salo, kuma ya cancanci matsayin da ya samu a tarihin talla. Rauninsa yana cikin jigo. Ya nuna yadda ake ƙera fuska, ya yi shiru a kan wanda ya ba da odar ƙirar da wanda ke karɓar ribarta. A wajen kamfanin, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin fim ɗin ya sama wa Dove sunan mai kishin mata. A wajen matan da aka yi dominsu kuwa, ma'aunin da ake gwada su da shi yana nan inda yake. Saboda haka ya kamata manazartan adabi da na kafofin watsa labarai, musamman a Nijeriya inda launin fata ya zama hajar sayarwa, su riƙa tsananta bincike a kan matakin da ke gabanin ɗaukar hoto: wa aka zaɓa, wa aka bari a waje, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga.