LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI FUSKA: Tsokaci A Kan Tsarin Zanen Bangon Littattafan Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna feɗe littattafan zube ta fuskar jigo da zubi da salo da taurari, amma da wuya a ji wani ya tsaya a kan bangon littafi, alhali kuwa shi ne farkon abin da idon mai karatu yake sauka a kai. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu shi ne tsayawar da muka yi wata rana wajen wani mai sayar da littattafai a Wulari, a nan Maiduguri. A bangon wani ƙagaggen labari mun ƙirga mata biyu da saurayi da mota da gidan bene da fure da zuciya wadda kibiya ta soke. Da muka karanta shi, sai muka tarar labari ne mai ma'ana a kan wata baiwar Allah da dangin miji suka danne wa marayunta gado. Ke nan bangon ya yi wa littafin ƙazafi. Manufar wannan maƙala ita ce fito da wasu ƙa'idoji na tsara zane, tare da nuna cewa ba baƙi ba ne a ƙasarmu.

2.0 Waiwaye

Tun daga gasar 1933 wadda ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, har zuwa zamanin Hukumar NORLA (1954-1959) da kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966, fasalin littafi yana hannun maɗaba'a ne, ita ke da edita, ita ke neman mai zane. Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amarin ya sauya, yayin da marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, kamar yadda aka ga Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987. Wannan yunƙuri ya yaɗa karatun Hausa ƙwarai, sai dai ya bar marubuci da mai zane su biyu, ba mai duba aikinsu. Da kwamfuta ta wadata, sai hotunan 'yan wasan fim suka maye gurbin zanen hannu a bangaye da dama, cunkoson kuwa bai ragu ba.

3.0 Darasi Daga Zayyana

Ba sai mun tafi Turai neman ƙa'idar tsara zane ba, domin muna zaune ne a Borno, ƙasar da rubutun Alƙur'aninta ya yi suna tun da daɗewa. A 1960 wani masani Bature, A.D.H. Bivar, ya yi bayanin wani Alƙur'ani rubutun Borno mai ɗauke da tarihin 1669. Duk wanda ya dubi irin wannan rubutu, ko allon zayyana na saukar karatu, zai ga ƙa'idoji huɗu.

Na farko, cibiya. Mai zayyana yakan kafa siffa guda, da'ira ko murabba'i, wadda ido zai fara sauka a kanta, sauran ado kuma su yi mata fadanci. Wannan daidai yake da matsayin babban jigo da ƙananan jigogi a cikin labari. Bangon da muka ambata a baya ba shi da cibiya, don mota tana gasa da fure, fure yana gasa da fuskar budurwa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai.

Na biyu, daidaito. Idan aka raba allon zayyana gida biyu, nauyin dama yakan rinjayi ido gwargwadon nauyin hagu. Ba dole ne mai zanen bango ya maimaita siffa ɗaya a ɓangarorin biyu ba, amma in ya ajiye babban mutum a gefe guda, wajibi ne ya sami abin da zai tare ɗaya gefen, ko da sunan littafin ne, kamar yadda mai jaki yake daidaita mangala.

Na uku, aikin launi. A rubutun Alƙur'ani na wannan yanki baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasula ce, ruwan ɗorawa kuma na hamza. Wato kowane launi da aikinsa, ba a sa shi don kawai yana da kyau. A bangaye da yawa kuwa akan rubuta suna da ja a kan shuɗi mai duhu, ko da ruwan ɗorawa a kan fari, sai mai saye ya kusanto da littafin ga hancinsa kafin ya karanta. Ƙa'idar ita ce haske a kan duhu, ko duhu a kan haske, kuma launi biyu ko uku sun isa.

Na huɗu, fili. Marubucin Alƙur'ani yakan bar gefen takarda da faɗi, sai nan da can ya sa alamar hizifi ko sujada, don haka alamar take fitowa fili. Wurin da aka bari ba zane ba asara ba ce, shi ne numfashin ido, tamkar ɗan shirun da mai tatsuniya yake yi kafin ya faɗi abin da ya sami Gizo.

4.0 Adalci Ga Masu Zane

Ba za mu ɗora wa masu zane laifin duka ba. Galibi ba a ba su labarin su karanta, sai dai marubuci ya lissafa musu abin da yake so a cusa, ɗan kasuwa kuma ya nace sai an sa fuskar mace. Daɗin daɗawa, da yawansu ba a ko sa sunansu a cikin littafin. Duk da haka, a tsofaffin bangaye na zanen hannu akwai waɗanda suka kama kallabi da lalle da zaure da idon wanda ya san gida, abin da hoton aro ba zai taɓa bayarwa ba.

5.0 Kammalawa

A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya mai kiran a haɗa dabarun makaranta da fasahar gida. Wannan kira yana nan da amfaninsa. Shawararmu ga ɗalibanmu masu niyyar fitar da littafi ita ce su ba mai zane labarin ya karanta, su zaɓi hoto guda da zai ɗauki jigo, sa'annan su ajiye bangon nesa kaɗan su ga ko sunan yana karantuwa. Iyaye da malamai da yawa ba su wuce bango ba suke yanke wa littafi hukunci, saboda haka marubucin da ya yi sakaci da fuskar littafinsa, shi ya ba da sandar dukansa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.