Golf ɗin Bakin Teku da Hutun Masu Hannu da Shuni

Da wuya a ambaci golf a majalisa ba a samu wanda zai ce wasan waɗanda kuɗi ya yi wa yawa ne ba. Hujjarsa kuwa tallan kamfanonin yawon buɗe ido. Mako guda a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, ko yankin Médoc na Faransa, ko kwarin Napa na Amurka: da safe a zaga ramuka 18 cikin 'yar mota mai batir, da la'asar a shiga gonakin inabi ana ɗanɗana giya, da dare shahararren kuku ya jero abinci kala-kala. Manyan 'yan wasa irin su Ernie Els da Greg Norman har giyar inabi gare su mai ɗauke da sunansu. Maganar giya a wurin Musulmi yankakkiya ce, ba ta buƙatar nazari. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan haɗin ya sa jama'a suka ɗauka iyakar golf ke nan, alhali asalin wasan yana nan da ransa a gaɓar tekun Sikotland, kuma shi nake karewa.

A 1457 Sarki James na Biyu na Sikotland ya haramta golf saboda yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. A 1552 aka tabbatar wa mutanen garin St Andrews a rubuce haƙƙinsu na yin wasa a filin da ke tsakanin gari da teku, ƙasa mai yashi wadda ba ta noma sai kiwo. A 1764 aka rage ramukan filin daga 22 zuwa 18, duniya ta bi. Har gobe filin na jama'a ne. In ba gasa ake yi ba, ranar Lahadi rufe shi ake yi, mutanen gari su shiga yawo da iyalansu.

Ƙasar irin wannan fili tauri gare ta, ciyawarta gajera, iskar teku kuma ba ta hutawa. Daga nan aka samu dabarar da na fi so a wasan baki ɗaya, wato bugun ƙasa. Ɗan wasa ba zai cilla ƙwallo sama ta faɗo kusa da tuta ba. Sai ya zaɓi sanda mai miƙaƙƙiyar fuska, ya ajiye ƙwallon kusa da ƙafarsa ta baya, ya jingina nauyinsa a ta gaba, hannuwansa su riga kan sandar, ya yi gajeren bugu. Ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa, ƙarƙashin iska, ta sauka nesa da ramin, sauran tafiyar kuma gangara ce da tsalle. Kafin ya buga dole ya san inda za ta fara taɓa ƙasa, da tudun da zai karkata ta dama, da kwarin da zai cinye mata gudu, kamar gwanin dara da ke hango ɗauka uku a gaba.

Rami na 17 na tsohon filin St Andrews ya ishe mu misali. Dandamalin da ramin yake siriri ne, a karkace yake. Ta gabansa daga hagu akwai wani kwarin yashi mai zurfi da bango a tsaye, bayansa kuma titi ne da katangar dutse, dukkansu cikin wasa. Wanda ya cilla ƙwallo sama, in ya ƙara ƙarfi kaɗan ta buga ƙasa mai tauri ta faɗa titi, in ya rage ta zame cikin yashi. Mai wayo sai ya bi ta dama, ya sauke ta gaban dandamalin, ya bar ta ta hau gangaren da kanta. Ko an hau ma ba a tsira ba. A gasar Open ta 1978, Tommy Nakajima na Japan ya kai dandamalin da bugu biyu, ya gangara ƙwallon ta kauce ta faɗa wannan kwarin, sai da ya yi bugu huɗu kafin ya fito, ya tashi da 9 a ramin da ake sa ran 4. A 2000 kuwa Tiger Woods ya yi kwana huɗu yana wasa a filin nan mai kwarin yashi 112, bai faɗa ko ɗaya ba, ya lashe gasar da ratar bugu 8. A wani fili irin wannan, Hoylake, a 2006, lokacin da rana ta ƙone ciyawa, sau ɗaya tak ya zaro babbar sandarsa ta dogon zango cikin ramuka 72. Wanda ya taɓa wasa a filayen Arewa da rani, ga hunturu ga busasshiyar ƙasa, ya san wannan lissafi a hannunsa.

Masu cewa irin wannan fili ba shi da kyan gani, kuma sa'a ce ke aiki saboda ƙwallo na tsalle inda ba a zata ba, ba sabuwar magana suka kawo ba. Shahararren ɗan wasa Bobby Jones ma a gasar Open ta 1921 a St Andrews ɗauke ƙwallonsa ya yi a rami na 11 don haushi, ya fasa. Ya dawo a 1927 ya ci gasar a wannan fili, kuma ya ƙare rayuwarsa yana ƙaunarsa. Abin da baƙo ke kira sa'a, ƙasa ce bai karanta ba tukuna.

Ban raina gwanintar kuku ba, girki sana'a ce mai daraja. Amma hutun da aka gina kan ɗanɗano da liyafa yana da agogo, kuma agogon ne ke tsara filin. Dole a gama wasa kafin lokacin zuwa gonar inabi, don haka a kawo mota. Baƙon da ya biya kuɗi mai yawa ba a so ransa ya ɓaci, don haka a yi ta ban ruwa har ƙasa ta yi laushi, ƙwallo ta tsaya inda ta faɗi. Da zarar ƙasa ta daina magana, sai wasan ya koma auna nisa da na'ura da zaɓen lambar sanda. Ga kuma ruwan da ake zubawa a yankunan da suka san fari. Birnin Cape Town ya kusa rufe famfunansa a 2018 saboda fari.

A ganina golf wasan ƙafa ne kafin ya zama na hannu. Mai tafiya yana jin taurin ƙasa a tafinsa, yana jin iska ta juya a kuncinsa, kafin ya iso wurin ƙwallo ya riga ya yanke shawara. A tsohon filin St Andrews ba a ba da mota sai ga mai larura. Ana samun gurbin wasa ta hanyar ƙuri'a da ake shiga kwana biyu kafin ranar, attajiri da malamin makaranta duk layi ɗaya. Wanda Allah ya hore wa kuɗin hutu irin wancan, kuma wasan yake so da gaske, ya sa sunansa a ƙuri'ar, ya ɗauki mai riƙe jaka ɗan gari, ya roƙe shi ya nuna masa inda zai sauke ƙwallo tun daga rami na biyu.