Waƙafin Maraɗi da ɗigon Kano

Rubuta 1,250 a takarda ka nuna wa ɗan kasuwa a Kantin Kwari, zai ce maka dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Ƙetara ta Jibiya ka kai takardar Maraɗi, malamin lissafi zai karanta maka ɗaya da rubu'i. Duk cikinsu babu mai kuskure. Mu a Nijeriya ɗigon Ingila muka gada don raba lamba da ɓurɓushinta, 'yan'uwanmu na Nijar kuma waƙafin Faransa suka gada, dubbai kuwa ɗan fili suke bari a tsakani, su rubuta 1 250.

Mutum yakan duba zancen da ake yi ya gane. Kwamfuta ba ta da wannan hankalin. Duk abin da aka danna mata rubutu ne kawai, sai an juya shi ya zama lamba kafin ta iya tarawa ko ragewa. A wajen wannan juyawar ake gane gwanin rubuta manhaja, kuma ni dai aikinsa yana burge ni, duk da ba kasafai ake ganinsa ba.

Dubi irin ɓarnar da yake tarewa. A yaren C#, idan kwamfuta tana kan tsarin Amurka aka miƙa wa double.Parse rubutun "1,5", sai ta ɗauki waƙafin a matsayin na raba dubbai, ta watsar da shi, ta dawo da 15, ko tari ba za ta yi ba. Kilo ɗaya da rabi ya zama kilo goma sha biyar ke nan. A tsarin Jamus kuwa "1.5" ne ke cin wannan duka. JavaScript nasa salon daban: ka ba parseFloat "3,14" ya tsaya a bakin waƙafi ya ba ka 3. Python ne mai gaskiyar cikinsu, don shi tsayawa yake yi cak ya ce bai gane ba.

Shi gwani kafin ya taɓa lamba sai ya tambaya wa ya rubuta ta, matambayi ai ba ya ɓata. In mutum ne, da al'adar ƙasarsa za a karanta masa. In kuwa wata na'ura ce ta aiko, to akwai tsarin da ba na kowace ƙasa ba, wanda a C# ake kira InvariantCulture, shi ake ambata a fili. Abin da ba ya taɓa yi shi ne barin kwamfutar ta zaɓa da kanta, don manhajar da ta yi lafiya lau a Abuja tana iya rikicewa ranar da aka buɗe ta a Yamai. Shi ya sa za ka gan shi yana mayar da kwamfutarsa tsarin Faransa, ya gwada, ya koma na Jamus, ya sake gwadawa. Indiyawa suna rubuta dubu ɗari 1,00,000. Larabawa suna da nasu alƙaluman. Bai haddace su duka ba, ya dai san rumbun CLDR na ƙungiyar Unicode inda aka taskace su.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne filin nan na Faransanci. Ba shi ne wanda kake samu in ka danna dogon maɓalli ba, wani siriri ne mai lamba U+202F, a ido kuwa kusan duk ɗaya. In filin ya hana lamba karantuwa, sabon shiga sai ya kwana yana zargin lissafinsa: ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Ko an karanta daidai, da sauran rina a kaba. A ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, kwamfuta ba ta iya ajiye 0.1 cif-cif, shi ya sa 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Don haka in kuɗi ne, gwani yakan ƙirga su a kwabo-kwabo. In kuma aka shigar masa da 1,250 bai san daga wane ɓangaren iyaka ta fito ba, ba ya canka. Sai ya sa manhajar ta rubuta lambar da kalmomi a ƙasan akwatin da aka shigar da ita, mai ita ya gani ya amsa tukuna.