Lilon Littafi Da Lilon Garinmu

 Yau da marubutanmu zan yi, kuma ina roƙon kada wadda ta ɗauki maganata da zafi, domin kuwa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wani fage da ya zama kamar gishiri a littattafan nan namu, tun daga waɗanda muke karɓa haya a shago har zuwa na yanzu da ake karantawa a waya. Na tabbata kowaccenku ta san shi. Saurayi ɗan mai kuɗi zai zo da yamma cikin mota mai sanyi, ya ɗauki budurwa zuwa wajen shaƙatawa, ya saya mata askirim, sannan su hau babban lilon nan mai kama da ƙafar keke. Da an kai sama sai ta rufe ido, ta ƙwalla ƙara, ta ƙanƙame hannunsa, shi kuwa gogan ya yi murmushi ya ce kada ta ji tsoro yana nan. Shi ke nan, an sauko, an wuce babi na gaba. Finafinan Hausa ma da suka bunƙasa bayan 1990 haka suka ɗauka, sai dai su nasu da waƙa da rawa a cikin lambu, irin yadda suka gani a finafinan Indiya.

To wai shin wannan lilon da ake rubuta mana, lilo ne kuwa? Ni dai na ce a'a, kuma ga dalilaina.

Aibi na farko shi ne, a littafi ba a hawa lilo don lilo. Marubuciya tana neman hanyar da yarinya za ta taɓa hannun saurayi ba tare da an ce ba ta da kunya ba, sai ta aro tsoro ya yi mata wannan aiki. Shi ya sa ba za ki taɓa karanta budurwar da ta hau ta buɗe idonta tar, ta kalli gari, ta yi dariya ba. Kullum matsoraciya ce, kullum sai da namiji a gefe. Idan yarinya 'yar shekara 14 ta karanta irin wannan sau ashirin, me aka koya mata? An koya mata cewa jin daɗi wani abu ne da namiji ke biya, ita kuma nata kuka da rufe ido.

Aibi na biyu, kullum lilon yana can nesa. In ba Abuja ba, to Dubai ko Landan. Ban ce babu su ba. Na Landan an buɗe shi a 2000, tsayinsa mita 135. Na Dubai ya fi shi, mita 250, an buɗe shi a 2021. Amma ki lura da yadda ake ba da labarinsu: za a gaya miki kuɗin tikitin jirgi, da sunan otal, da kalar jakar da ta riƙe, ba za a gaya miki abin da cikinta ya yi ba lokacin da lilon ya fara gangarowa. Wanda bai sha miya ba sai dai ya yabi kwano.

Aibi na uku, lilon littafi ba shi da mai shi. Ba wanda ya ƙera, ba wanda ke turawa, ba wanda ke shafa masa giris, kuma ba ya tsufa. Alhali kuwa duk wani lilo na gaskiya yana da gumin wani a jikinsa, kuma yana da ranar mutuwarsa.

Bari in gaya muku wanda na sani, don ku auna da kanku. Ni a Matsinkai na tashi, cikin ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin, a lokacin muna cikin Jihar Sakkwato domin ba a yanke Jihar Kebbi ba sai a 1991. Mu ba mu san wani wajen shaƙatawa ba. Mukan dai ji labarin gidan zu na Kano, wanda aka buɗe a 1972 zamanin Gwamna Audu Baƙo, daga bakin masu fatauci, mu riƙa jin kamar labarin wata duniya ake ba mu. Namu rabon shi ne wani dattijo da ke ƙetarowa daga ɓangaren Benin duk Sallah, yana bin garuruwan yankin da lilonsa a kwance, ya kwana biyu ko uku a gari ya ƙara gaba. Baba mai lilo muke ce masa, Hausarsa da karin harshen Dandawa, kuma yana karɓar sulenmu yana karɓar dalar sefa, duk ɗaya ne a wurinsa.

Lilon ba wani abin a zo a gani ba ne in aka kwatanta da na littafi. Ginshiƙai ne na katako a gefe biyu, da sandar ƙarfe a gicciye, da akwatuna huɗu masu rataye a jikin hannuwa, kowane yana ɗaukar yara biyu ko uku. Ba inji, ba lantarki. Samari biyu ne ke kama akwati su cilla shi sama da ƙarfin damtse. Hikimar abin ita ce, kowane akwati a sake yake lilo a kan ƙusarsa, saboda haka nauyin yaran ciki ne ke riƙe shi a miƙe ko yana sama ko yana ƙasa. Kuma dole akwatin da ke fuskantar wani su yi nauyi kusan ɗaya, in ba haka ba lilon ya ƙi tafiya daidai. Don haka sai ki ga Baba yana ɗaga yarinya kamar mai awon hatsi, ya ce, "Ke koma wancan, ke kuma taho nan." Nan ba ruwansa da ɗiyar hakimi ko ɗiyar masunci, nauyi kawai yake dubawa.

Kuɗin hawa kuwa daga asusunmu yake fitowa. Duk watan azumi yarinya tana tallar ƙosai ko gyaɗa ko soyayyen kifi, ɗan abin da aka bar mata tana jefawa a asusu, ranar jajibir ta fasa. Ban manta abin da Inna takan ce min ba in ta ga ina ƙirga sulallana: "Ke ɗiyag ga, in kin hwaɗo kin karye, wa ka kai min talla gobe?" Tana faɗa tana ƙara min sule ɗaya a ɓoye. Ku dubi wannan, 'yan uwa. A shekara guda cur, wannan ne kuɗin da yarinyar ƙauye ke kashe wa kanta, a kan abin da ba ci ba, ba sutura ba, ba kayan ɗaki ba. Wace marubuciya ce ta taɓa tsayawa ta rubuta wannan?

Da an cilla ki sama, tsayin bai fi na matashiyar bishiyar mangwaro ba, amma wallahi ya isa. Za ki hango kan rumbuna, da shanun Fulani a bakin gari, da koren fadama, ki leƙa ta saman darni ki ga matan aure a tsakar gida sun zama ƙanana. Yarinyar da aka saba ce wa ta sunkuyar da kai, ta rage murya, yau ga ta a saman kowa tana ihu iyakar ƙarfinta, kuma ba mai ce mata kul. Da akwati ya juyo ƙasa sai ki ji kamar an zare miki hanji, saboda kujerar tana guje wa jikinki, nauyinki ya ragu na ɗan lokaci. In kin sauka kuma ƙasa ta riƙa juyawa, domin akwai wani ruwa a can cikin kunne da ke ci gaba da motsi bayan jiki ya tsaya, shi ne juwar da muke ji. Muna tangaɗi muna roƙo, "Baba, ƙara muna guda!" Da yawa daga cikin waɗanda muka hau tare, Sallah biyu ko uku bayan nan an kai su ɗakin miji, kuma tun daga ranar ba su ƙara ganin garinsu daga sama ba.

Kada kuma a ce na mai da tsohon abu zinariya. Lilon nan yana da nasa sharrin. Ya datse yatsu, ya yaga zannuwan Sallah, akwai shekarar da wata yarinya ta miƙe tsaye a cikin akwati ta faɗo, sai wajen maɗori aka kai ta. In magariba ta gabato samari kan cika wurin da turereniya, har wasu iyaye suka hana 'ya'yansu mata zuwa, kuma suna da gaskiyarsu. Marubuciya ta ƙwarai za ta sa wannan ma a ciki, domin labarin da ba shi da ƙaya ba ya kama zuciya.

Mutuwar lilon a hankali ta zo. A 1984 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, Baba bai ƙetaro ba a tsakanin nan. Da ya dawo kuma sai ya tarar da wata duniyar: a 1986 ɗin ne aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta yi ta zubewa, sule ya daina sayen komai, ga tsufa ya kama shi. Ya zo sau biyu ko uku, daga nan shiru. Daga baya aka ce an ga ƙarafan a wajen wani mai walda, ya yanka ya yi amalanke da su.

Ba namu kaɗai ne ya yi irin wannan ƙarshe ba. Uban duk manyan lilunan zamani shi ne wanda wani injiniya mai suna George Ferris ya gina a birnin Cikago na Amurka a 1893. Tsayinsa kusan mita 80, yana da ɗakuna 36, kowane na ɗaukar mutum 60. Mai shi ya rasu a 1896 yana da shekara 37, ga bashi a kansa, kuma a 1906 aka sa wa lilon nakiya aka sayar da ƙarafansa. Shi kansa na Dubai da marubutanmu ke yawan kai masoya, an rufe shi a 2022, ya yi fiye da shekara biyu a tsaye cik kafin a sake buɗe shi a ƙarshen 2024. A nan gida, otal ɗin tafkin Bagauda da ya yi tashe a Jihar Kano, makarantar horar da lauyoyi aka mayar da wurin. Komai ya yi farko zai yi ƙarshe. Abin da ke rage wa mutane shi ne labari, kuma riƙon labari aikin marubuci ne.

Wata za ta ce, ai masu karatu mafarki suke saye, wa zai sayi labarin lilon katako? Ni ban raina mafarki ba. Matar da ta wuni a gaban murhu tana da haƙƙin ta buɗe littafi ta huta, kuma littattafan nan sun sa dubban mata sun riƙe karatun boko da ba don su ba da sun manta. Amma ku dubi Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin matar da miji ya kora ne, ta kama sayar da abinci don ta riƙe 'ya'yanta. Ba Dubai, ba Landan. Shi ne kuwa aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Mu muna aron lambunsu, su kuma abin tsakar gidanmu suka nema.

Masu cewa kuma lilo shashanci ne ga ɗiya mace, to su tuna ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasan lilo tare da ƙawayenta a Madina tana yarinya. Abin gyara shi ne cakuɗuwa da rashin tsaro, kuma duka biyun suna da magani.

Saboda haka roƙona ga marubuta, musamman ƙannena masu tasowa: in za ki hau da yarinya kan lilo, ki bar ta ta buɗe idonta. Ki gaya mana abin da ta gani, da inda ta samo kuɗin, da wanda ke turawa. In ba ki taɓa zuwa Dubai ba, ki tambayi Gwaggonki ko kakarki yadda suka yi Sallah suna yara, za ki samu abin da ba wadda ta riga ki rubutawa.

Ku kuma iyaye mata, maganar ta fi shafarku. 'Ya'yanmu mata yau daga talla sai wanke-wanke, daga makaranta sai reno, in sun sami sarari su ƙura wa waya ido. Igiya mai ƙwari da tsohuwar taya da reshe mai kauri sun isa lilo a tsakar gida, ki duba ƙullin da kanki kafin kowa ya hau. Ku masu adashi a unguwa, me zai hana ku ware kwasa ɗaya, ku sa mai walda ya ƙera lilon ƙarfe a harabar Islamiyya, a ware wa 'yan mata lokacinsu, a sa babbar mace tana lura? Kuɗin bai kai na ankon biki biyu ba in aka haɗa hannu. Ƙuruciyar ɗiya mace gajeruwa ce ƙwarai a ƙasar nan, kada mu ƙara gajarta mata ita.

Wadda na taka a cikin wannan rubutu ta yi haƙuri, don gyara na faɗa. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ƙara wa marubutanmu basira, Ya ji ƙan iyayenmu da suka rigaye mu, amin.