Majigin Kakannin Ƙadangaru da Zace-zacen Masu Kallonsa

Duk wanda ya saba bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da tsakar rana, sa'ad da ma'aikata suka fito cin abinci, ya san irin gardamar da akan yi a rumfar mai shayi. Yau a yi ta a kan ƙwallo, gobe a kan tsadar gero. Ran nan ina zaune a irin wannan rumfa a Sharaɗa, sai na ji waɗansu magidanta, har da masu furfura, suna musu a kan wani majigi na zane wanda 'ya'yansu ke kallo a waya. Da fari na yi dariya. Amma da na kasa kunne, sai na ga ashe maganar ba ta wasa ba ce, gama abin da yaro ya kalla sau goma ya fi zama a zuciyarsa bisa ga abin da ubansa ya gaya masa sau ɗaya. Don haka ya kamata mu auna majigin nan, mu kuma auna zace-zacen da ake yi a kansa.

Sunan majigin The Land Before Time, watau ƙasar da aka yi tun zamani bai soma ba. Wani Ba'amurke mai suna Don Bluth shi ya shirya shi, tare da taimakon Steven Spielberg da George Lucas, aka fito da shi cikin 1988. Labari ne na dabbobin nan masu girman gaske da suka ƙare daga duniya tuntuni, waɗanda Turawa ke kira dainaso, mu kuwa mukan ce kakannin ƙadangaru.

Ga yadda labarin yake. Aka yi fari, ganye ya ƙare, dabbobi suka tashi neman wani wuri mai ruwa da ciyawa da ake kira Babban Kwari. A cikinsu akwai wani ɗan Mai Dogon Wuya, sunansa Littlefoot. Wani maci-nama, Mai Kaifin Haƙori, ya tasam masa, uwarsa ta tsaya ta kāre shi, ta yi rauni, ta mutu a gabansa. Girgizar ƙasa kuma ta raba shi da kakanninsa. Maraya ya kama hanya, ya gamu da yara huɗu, kowa da jinsinsa, cikinsu har da Cera, 'yar Masu Ƙaho Uku, wadda ubanta ya hana ta wasa da wanda ba danginta ba. Suka sha yunwa, suka yi faɗa, suka rabu, suka sake haɗuwa, har suka isa.

A ganina majigin nan na fari abin yabo ne, dalili kuwa shi ne bai yi wa yara ƙarya ba. Uwar da ta mutu ba ta tashi ba. Yaron ya ga inuwarsa jikin dutse, ya sheƙa da gudu yana tsammani ita ce, ya tarar ba kowa. Wanda ya taɓa riƙon maraya ya san haka abin yake. Sa'an nan ba a tsaya ana yi wa mai kallo wa'azin zumunci ba, an bar shi ya gani da idonsa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gama sai da yaran suka haɗa ƙarfi kana suka tura wa abokin gabarsu dutse ya nutse cikin ruwa.

Da majigin ya sami kasuwa sai aka yi ta ƙara masa 'yan'uwa. Na biyu ya fito cikin 1994, na goma sha huɗu cikin 2016, ba kuwa da hannun Don Bluth a ko ɗaya daga cikinsu ba. Aka cika su da waƙoƙi, aka rage tsoro da baƙin ciki. Ba su da cutarwa, yara ƙanana kuma suna jin daɗinsu, amma kamar fura ce da aka yi ta ƙara wa ruwa don ta isa baƙi. Yaran ba su girma, matsalar da ta taso da safe kuwa kafin magariba ta warware. To, a kan waɗannan majigai goma sha huɗu ne masu kallo ke ta zace-zace, a Kano da sauran ƙasashen duniya. Bari mu ɗauki uku.

Zato na fari shi ne wanda ya fi yawo. Waɗansu suna cewa wai yaran nan duka sun mutu a hanya, Babban Kwari kuwa lahira ce. A rumfar nan wani dattijo ne ya riƙe wannan magana. Ya ce farin 1973 ne ya kore su daga ƙauye, suka zo Kano cin rani, ya sami aiki a masaƙa, ya ce to, ga Babban Kwari. Daga baya rashin wutar lantarki da shigowar yadin waje mai araha suka rufe masaƙu da yawa, har da tasu. Saboda haka, in ji shi, babu wani kwari mai ciyawa a duniyar nan. Na girmama maganarsa, gama daga rayuwarsa ya ɗebo ta. Amma majigin bai goyi bayansa ba. Da lahira ce, da uwar yaron ce za ta fara taryensa, ga shi kuwa ba ta can. A cikin gajimare kawai ya ga siffarta tana nuna masa hanya. Mai ba da labarin kuma ya faɗi a ƙarshe cewa sun girma a wurin, har zuriyarsu ta riƙa ba da labarin tafiyar. Wannan zato labarin dattijon ne, ba labarin majigin ba.

Zato na biyu a kan uban yaron ne. Shekara goma sha biyar masu kallo suna tambaya ina ya shiga, waɗansu su ce ya mutu, waɗansu su ce gudu ya yi. Sai cikin 2003, a majigi na goma, aka fito da shi, aka ce ya tafi neman wurin zama ne tun ɗan yana cikin ƙwai, da ya komo ya tarar ƙasa ta dare, ya nema bai gan su ba. A nan masu tambaya sun yi daidai, gama giɓi ne na gaske a labarin. Amsar ce ba ta gamsar ba. An ɗinka ta ne daga baya, bakin zaren kuma yana nan a fili. Duk da haka akwai abin lura ga mai cin rani wanda ya bar iyali a ƙauye: da aka ba yaron zaɓi, sai ya koma wurin kakannin da suka rene shi.

Zato na uku shi ne ko Mai Kaifin Haƙori mugu ne, ko kuwa yunwa ce kawai. Wannan shi ne ya fi amfani, domin yana sa yaro tunani. Majigi na fari ya mai da shi dodo, irin Dodon tatsuniyoyinmu, ba ya magana, ba ya jin roƙo. Na biyu kuwa ya kawo jaririn maci-nama, Chomper, wanda yaran suka ƙyanƙyashe suka so shi, amma tilas ya koma wurin iyayensa don ba ya iya cin ganye. A wannan wuri kam na biyu ya fi na fari hikima. Kura ba don ƙeta take cin akuya ba, halittarta ke nan.

Saura abu guda, wanda ya wajaba ga wanda ya koyi karatu ya bayyana wa 'ya'yansa, watau bambancin tatsuniya da labarin gaskiya. Dabbobin nan an yi su da gaske, amma ba su zauna tare kamar yadda aka zana ba. Masana sun ƙiyasta cewa jinsin Littlefoot ya rayu wajen shekara miliyan 150 da suka wuce, jinsin Cera kuwa wajen miliyan 67. Ashe uban Cera bai bukaci hana ta wasa da shi ba, tsakaninsu ya fi shekara miliyan 80!

Ba kuwa sai an je Amurka za a ga ƙasusuwansu ba. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya haƙo su tun cikin 1965. Cikin 1999 Paul Sereno da abokan aikinsa suka raɗa wa wata dabba ta wurin suna Nigersaurus, don tunawa da ƙasar. Tsawonta wajen ƙafa 30, haƙoranta sun fi 500, kuma dangin Littlefoot ce. A gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ana nuna irin waɗannan ƙasusuwa. A ƙasar Sakkwato ma an sami ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku, aka sa masa sunan Goronyo, ana ce da shi Goronyosaurus. Shi ba dainaso ba ne, amma shaida ne cewa teku ta taɓa rufe inda ake noman albasa a yau.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka hana yaro majigin nan, kada kuma ka miƙa masa waya ka juya baya. Ka zauna ku kalli na fari tare, ko da sau ɗaya. In ya kawo maka zato, ka tambaye shi a ina ya ga alamarsa a cikin labarin. In ya nuna maka, ka yaba masa. In ya kasa, ka ce ya koma ya sake dubawa. Yaron da ya saba neman hujja a kan tatsuniya, da wuya a ruɗe shi da jita-jita ran da ya girma. Mu ma da muka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanmu, abin da muka je nema ke nan: mu duba takarda da idonmu, mu daina dogara ga an ce.