4.3 Naƙasun Kalmar "Maganin Ƙwari" a Fassara

Kalmar "maganin ƙwari" ita ce aka saba amfani da ita wajen fassara sunan duk wani sinadari da ake yaƙar ƙwari da shi. Kalmar tana da sauƙi a baki, amma idan aka dube ta da idon basira za a ga tana da naƙasu, domin ta haɗa abubuwan da aikinsu ya sha bamban.

A cikin birnin Kano, abin da aka fi sani da wannan suna shi ne irin su fiya-fiya, wadda galibi ake haɗawa da sinadarin dikulobos. Guba ce mai taɓa jijiyoyi, ba ta bambanta sauro da kyankyaso, kuma tana cutar da mutum. Saboda haka ma'aunin ingancin magani a wurin jama'a shi ne a fesa, ƙwaro ya faɗi nan take.

Akwai kuwa wani rukuni da ba haka yake aiki ba. Ƙwaro yana girma ne ta hanyar saɓa, kuma sinadarai biyu na jikinsa ne ke tafiyar da wannan: ɗaya ya sa shi saɓa, ɗaya ya riƙe shi a ƙuruciya. A shekarar 1967 Carroll Williams na Jami'ar Harvard ya ba da shawarar a kwaikwayi na biyun don yaƙar ƙwari. Metofirin, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1975, shi yake kwaikwayo: idan aka zuba shi a ruwa, tsutsar sauro takan mutu ba ta yi fiffike ba. Shi kuwa tebufenozayid na farkon yake kwaikwayo. Yakan sa tsutsar faɗa-wuta ta daina ci, ta shiga saɓa kafin lokaci, ta mutu. Yana kama jikin dangin faɗa-wuta sosai, amma da ƙyar yake taɓa ƙudan zuma.

A nan matsalar fassara take. A unguwannin da ke da kududdufai da kwatoci, kamar na bakin Jakara, wanda aka ce masa an zuba "maganin ƙwari", ya wayi gari ya ga tsutsa tana iyo, zai yanke cewa jabu ne, ya koma wa fiya-fiya. Batun ba na nesa ba ne, domin a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gidan sauro mai ɗauke da firifiroksifen, wanda ke rage wa macen sauro haihuwa.

Bisa wannan, ya fi dacewa mai fassara ya ce "maganin hana ƙwaro balaga" ko "maganin tilasta saɓa". Sun fi tsawo, amma sun faɗi aikin. Sai dai kada a ce "marar illa", domin metofirin yana iya taɓa wasu ƙwarin ruwa da ba sauro ba.