Jinjina ga Masu Ceto Tsofaffin Fadojin Faransa

A karkarar Faransa ana yawan sa tsofaffin fadoji da gandayensu a kasuwa, saboda magada sun kasa ɗaukar ɗawainiyar gyaran rufi da katangu. Wanda ya saya, nauyin tarihi ya ɗora wa kansa.

Fadar La Mothe-Chandeniers da ke gundumar Vienne ta samo asali tun ƙarni na 13. Gobara ta cinye ta a 1932, har bishiyoyi suka tsiro a cikin ɗakunanta. A 2017 kamfanin Dartagnans da ƙungiyar Adopte un Château suka yi yekuwa ta intanet, cewa duk wanda ya ba da Yuro 50 ya zama mai rabo a mallakar fadar. Dubban mutane daga ƙasashe fiye da 100 suka amsa kira, aka saye ta. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Madalla da waɗannan bayin Allah, da magina da masassaƙan dutse masu tallafe katangunta kada su zube. Sun cancanci yabo, kuma aikinsu abin koyi ne.